Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Gwiwata Ta Ce Ƙas

A makon jiya mun tsaya inda aka ɗauke ni cikin 'yan ƙwallon hannu na makarantarmu, Baba ya amince da ƙyar bayan Yaya ya yi alƙawarin shi zai riƙa kai ni yana dawo da ni.

Yaya ɗan ƙwallon ƙafa ne, don haka ya naɗa kansa mai horar da ni. Da an idar da sallar asuba, cikin hazon hunturu, sai mu fito daga Tudun Wadan Zariya mu kama hanyar Kongo da gudu. Ranar Asabar kuwa Dutsen Kufena muke hawa. Duk abin da ya yi sai na yi. Daga ni har shi mun ɗauka gwiwa gwiwa ce.

Ranar da abin ya faru mun jima a fili, cinyoyina har rawa suke kamar mazari. Malamin wasanni ya ce a tashi haka nan. Ni na roƙa a ƙara, Yaya kuma daga gefe ya ɗaga murya: "Ƙara ɗaya mana, Auta, ke ba raguwa ba ce." Na yi tsalle na jefa ƙwallo, na dira a ƙafar hagu a miƙe, gwiwar ta karkata ciki. Na ji ƙas, kamar an karya karan dawa. Ba wanda ya taɓa ni. Kafin isha ta kumbura kamar ƙwarya.

Inna ta ce a kai ni wurin maɗori. Ya lalube ƙafar, ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya shafa man kaɗanya ya ɗaure. Gaskiyarsa, ƙashi bai karye ba. Kumburi ya saɓe, amma da na ɗauko bokitin ruwa na juya, sai gwiwar ta zille mini, in ji kamar ƙafar ba tawa ba.

A ƙarshe likitan gashin ƙashi muka gani. Ya kwantar da ni, ya ɗan lanƙwasa ƙafar, ya riƙe cinyata da hannu ɗaya, ya jawo ƙaurina gaba da ɗayan. Da idona na ga ƙaurin ya taho sakwaf, ba abin da ya tare shi. Ya gwada ta dama, ta tsaya cak.

"'Yata," ya ce, "manyan jijiyoyi 4 ke riƙe gwiwa, biyu a gefe, biyu sun gitta juna a tsakiya. Ta gaban ce ta tsinke."

Abin da ya faɗa bayan nan shi ne ya sa nake rubuta wannan kashin. Ya ce taurin tsoka iri biyu ne. Akwai sagewar da mutum ke ji washegari bayan wahala, wadda kowa ya sani. Akwai kuma taurin da tsoka ke ba gaɓa lokacin dira, shi ne garkuwarta. Tsokar gaban cinya da ta baya kamar igiyoyin rumfa suke, in sun ɗaure tam turaku ba sa motsi. Ta bayan ita ke taya wannan jijiya hana ƙauri zamewa gaba. Da gajiya ta kama tsokokin, ƙarfinsu ya ragu, kuma sai su makara wajen kamawa, nauyin duka ya faɗa wa jijiya ita kaɗai.

Yaya ya ce, "To likita, ai tare muke gajiya."

Ya ce haka ne, gajiya ba ta barin kowa, amma ba daga wuri ɗaya muka faro ba. Galibi gaɓar mace ta fi sassauci, tsokar cinyarta ba ta kai ta namiji kauri ba, kuma mata sun fi dira da ƙafa a miƙe, gwiwa na faɗawa ciki. Shi ya sa a wasannin tsalle da juyi mata ke tsinka wannan jijiya fiye da maza, ninki 2 zuwa 8. Har yau abin na ci mini rai, domin yana da rigakafi. Tun 2006 hukumar FIFA ta tsara atisayen ɗumama jiki na minti 20 da ke koyar da dira a durƙushe da ƙarfafa bayan cinya. Ba wanda ya taɓa nuna mana. Yanzu da nake koyar da yara mata, da na ga gwiwar yarinya ta soma karkata wurin dira nake busa usur, ko ta yi kuka.

Likita ya ce wannan jijiya ba ta cika haɗewa da kanta ba. In ina son komawa fili sai tiyata, sannan aƙalla wata 9 na atisaye.

A kan babur Yaya bai ce uffan ba har muka iso ƙofar gida. Ya kashe inji, bai juyo ba, ya ce, "Auta, ki yafe ni." Na ce ai ni na roƙa. Muka tsaya a zaure muna jin muryar Baba daga ciki, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara shiga.

Yadda Baba ya karɓi maganar kuɗin tiyata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.