Taku Bayan Tuwo: Yadda Nake Zama da Ciwon Sukari

Sana'ata ɗinkin babbar riga, ɗinkin hannu irin wanda aka san cikin birnin Zariya da shi. Wanda ya san aikin ya san na zama ne. Ka shimfiɗa tabarma a zaure bayan ka karya, ka ɗora riga a gwiwa, ba ka tashi sai ladan ya kira azahar. Aska takwas guda ɗaya takan ci makonni. Haka na yi shekaru, tumbi yana fitowa a hankali, har ƙishirwa da yawan fitsarin dare suka sa babban ɗana ya matsa mini muka je asibitin koyarwa na Shika. Aka ɗebi jini, aka ce ciwon sukari ne nau'i na biyu, wanda jiki yana yin insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, amma ya daina jin maganarsa yadda ya kamata. Aka ɗora ni kan ƙwayar maganin sukari mai suna metformin, aka yi mini bayanin abinci, sannan likita ya ce lallai in riƙa motsa jiki.

Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai, don ga furfura, ga gwiwa da ke ciwo. Da na faɗa wa malamar jinyar da ke auna mu, sai ta ce, "Baba, ba gudu muke so ka yi ba. In ka ci abinci kada ka kishingiɗa. Tashi ka taka minti goma ko sha biyar, shi ke nan." Ta ce tuwo da shinkafa da koko duk sukari suke komawa a cikin jini, kuma cikin awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci ne yake hawa ƙololuwa. Tsokar cinya da ta sha-raɓa kuwa, in suna aiki, zuƙar sukarin suke yi daga jini, har ma ba sai sun jira insulin ba. Bayan an gama tafiyar ma jiki yakan ci gaba da jin insulin sosai har kusan kwana guda.

Ban tsaya kan maganarta kaɗai ba, na gwada da na'urar auna sukari da ɗana ya saya mini. Tsinken gwajin yana da tsada, saboda haka ba kullum nake yi ba, nakan zaɓi dare. An ce mini awa biyu bayan abinci ana son lambar ta zauna ƙasa da 180, da safe kafin a ci komai kuma tsakanin 80 da 130. Daren da na ci tuwon masara na zauna hira a dakali, lambar takan wuce 200. Daren da na ci malmala iri ɗaya na taka, takan tsaya ƙasa da abin da aka gindaya mini. Da na ga haka sau da dama, ba wanda ya sake yi mini wa'azin tafiya.

Dabarar da ta zaunar da abin a rayuwata ita ce na haɗa shi da salla. Tuwon dare nakan ci bayan magariba, sai in bar masallacin ƙofar gida in nufi wani mai ɗan nisa wajen Ƙofar Doka don isha'i, in dawo a ƙafa. Malamai sun daɗe suna gaya mana ladar taku zuwa masallaci, ga shi kuma jiki ya samu nasa. Takun ba na sauri ba ne, ba kuma na rangwaɗa ba: numfashi ya ɗan tashi, amma in an yi mini sallama zan amsa har mu gaisa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 na irin wannan motsi a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma ana iya gutsuttsura shi. Abin da aka ja mini kunne a kai shi ne kada in bar fiye da kwana biyu a jere ban motsa ba.

Zaman zaure ma na sake masa tsari. An ce mai sukari ya daure ya miƙe duk bayan rabin awa. Ƙaramin almajirina na ɗora wa wannan aiki, kuma ba ya sake: "Maigida, lokaci ya yi." Sai in ajiye allura, in dafa bango in ɗaga dugadugai in sauke kamar sau goma, in zauna kan kujera in miƙe ba tare da na dafa ba, in juya kafaɗu da wuya a hankali. Minti uku ya isa. Ciwon bayan da na ɗauka gadon sana'a ne ya ragu da yawa. Mai ɗakina, wadda ba ta fita sai da dalili, ta mai da tsakar gida filinta. Bayan abinci takan zagaya tana lazimi, jikoki na biye da ita.

Akwai abin da na'urar ta nuna mini wanda ba abinci ba ne, ba kuma zama ba. Ana saura 'yan makonni Babbar Salla, aiki ya taru, masu riguna suna aike safe da yamma, wani ya zo da faɗa, ga kuɗin makarantar yara, barci ya ƙaura. Abincina bai canza ba, magani ban fasa ba, amma lambar safe ta ƙi sauka. Da na kai kukana, likita ya ce damuwa ce. In hankali ya tashi, jiki yakan saki sinadaran kotizol da adirenalin, su kuma su sa hanta ta kwararo sukarin da ta ajiye, don jiki ya ɗauka gudu ko faɗa za a yi. Mai lafiya insulin ɗinsa zai kwashe, mu kuwa sai ya taru. Ƙarancin barci ma yana ƙara wa jiki taurin kai ga insulin.

Ɗana ya nuna mini a waya yadda mutanen Indiya ke yoga, da yadda tsofaffi a ƙasar Sin ke taici, hannu na yawo sannu a hankali. Na ɗauki abin da ya dace da ni, wato numfashin, na bar sauran. Bayan sallar asuba nakan zauna kan buzu, bayana a jingine, hannu ɗaya a kan ciki. In ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu har cikin ya taso, in sake ta sannu ina ƙirga shida. Fitar da iska a hankali shi ke saukar da bugun zuciya. In na yi minti biyar haka, sai in shiga azkar ɗina da natsuwar da da ba na samu. Da dare kuma, a kwance, nakan ƙanƙame yatsun ƙafa in sake, in ƙanƙame cinya in sake, haka har kafaɗa da fuska. Gaskiya numfashi ba ya saukar da lambar nan take yadda tafiya ke yi. Amfaninsa a wurina ta wata hanya ya biyo: barci ya dawo, fushi ya ragu, kuma na daina neman shayi mai kauri da sukari duk sanda raina ya ɓaci. Na kuma koyi ce wa mai riga, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba za ta samu kafin Salla ba." A ganina wannan kalmar ma magani ce.

Wanda zai fara tafiya, ina roƙonsa ya kula da ƙafa. Ciwon nan yana kashe jijiyoyin jin zafi a ƙafa, har ƙusa ko kwalba ta soki mutum bai sani ba, gyambo ya ƙi warkewa. Na san wani a unguwarmu da ya rasa yatsu ta haka, abin yana damuna har yau. Na ajiye silifa, nakan sa takalmi rufaffe da safa, kuma sai na zazzage shi kafin in sa. Kowane dare nakan duba tafin ƙafa da fitila. Bayan alwala ina tsane tsakanin yatsu. Lokacin hunturu, da faso ke tsaga dunduniya, ina shafa man kaɗanya, amma ban da tsakanin yatsun. Da bazara kuwa, a Maris da Afrilu, ba na fita sai rana ta faɗi, da gorar ruwa a hannu.

Sai faɗuwar sukari. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo ta ba, amma mai allurar insulin ko mai shan wata ƙwayar sukari mai suna glibenclamide yana iya jin rawar jiki, gumi, jiri da muguwar yunwa a tsakiyar hanya. In lambar ta yi ƙasa da 70, a sha abin zaƙi mai kimanin giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa. Ni dai dabino ba ya rabuwa da aljihuna. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya, ya nemi asibiti.

Gwajin nan na HbA1c da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku, wanda ake so yawancin manya su riƙe ƙasa da kashi 7, nawa ya sauko, likita ya ji daɗi. A majalisa wasu suka ce to ai na warke, in ajiye ƙwayoyin in koma kan jiƙe-jiƙe. Ban ajiye ba, kuma ba zan ajiye ba sai wanda ya ɗora ni ya ce in rage. Tafiyar da maganin tare suka sauko da lambar.

Da azumi ya gabato na koma asibiti aka gyara mini lokutan shan magani. Ba na tafiya da la'asar sakaliya, lokacin da ciki ya daɗe ba komai. Tarawihi ita ce motsina, sai ɗan taku bayan buɗa-baki. An kuma gaya mini ƙarara cewa in na auna na ga ƙasa da 70 ko sama da 300, in karya azumin ko da saura minti goma a sha ruwa, in rama daga baya. Na tambayi limaminmu, ya ce haka shari'a ta yarje wa mara lafiya.