Talata, bayan na ajiye littafi na biyu

Yau ban tsinana komai ba a shago. Jiya na raba dare a kan littafi na biyu cikin jerin Millennium na Stieg Larsson, ɗan jaridar nan na Suwidin, sai bayan azahar na kai ƙarshensa, idanuna kamar an watsa musu barkono.

Kashe-kashen littafin farko sun ba ni tsoro, har da ɓatan Harriet Vanger tun 1966, amma da gari ya waye tsoron ya wuce. Wanda ya hana ni sukuni har yanzu Bjurman ne, lauyan da hukuma ta damƙa Lisbeth Salander, tauraruwar labarin, a hannunsa saboda an rubuta a takarda wai ba ta iya riƙe kanta. Kuɗinta na hannunsa, ko kwamfuta za ta saya sai ya yarda. Da wannan ikon ya keta mata haddi, ita kuma ta san in ta kai ƙara maganarsa za a ɗauka.

A na biyun ne aka tono tushen abin. Ubanta Zalachenko ɗan leƙen asirin Sobiyet ne da ya gudo Suwidin, jami'an tsaro na rufa masa asiri duk da jibgar da yake wa uwarta. Tana da shekara 12 ta watsa masa fetur ta kyasta ashana, aka kwashe ta sai asibitin masu taɓin hankali. Shi kuwa aka ci gaba da lallaɓa shi.

Da la'asar Yaya ta leƙo, na zayyana mata. Ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da karatun tashin hankali." Na ce, "Yaya, wallahi takardar hukumar ta fi bindigar ban tsoro." Ta taɓe baki, ta ɗauki sabulunta ta wuce.

Larsson fa akwai surutu. Shafi bayan shafi ana lissafa kayan ɗakin da Lisbeth ta jido daga kantin IKEA, sai na riƙa tsallakewa. Shi kuma Blomkvist, ɗan jaridar da ke cikin labarin, kowace mace ta gan shi sai ta faɗa, abin har ya gundure ni.

Larsson ya rasu a Nuwamban 2004, bai ga fitowar ko ɗaya cikin littattafan uku ba, sun fito ne daga 2005 zuwa 2007. Wani marubuci, David Lagercrantz, ya ɗora a kan jerin daga 2015, amma ni kam a na uku zan tsaya. An bar Lisbeth da harsashi a ka, don haka bayan isha'i zan buɗe shi.