Litinin, 1 ga Janairu 2024, Pasadena

Ƙafafuna sun yi tsami, muryata ta dushe, kuma har yanzu ban gama gane dokokin wasan ƙwallon Amurka (American football) ba.

Abokin karatuna ne ya ja ni. Mahaifinsa tsohon ɗalibin Jami'ar Michigan ne, ya sayi tikiti uku tun da aka ce za su kara da Jami'ar Alabama a wasan Rose Bowl, wanda ake yi a filin da ke da wannan suna. Ni kuwa, gaskiya Baggio, ɗan ƙwallon Italiya, ya kai ni. A filin nan ne ya ɗaga fanareti sama a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, Brazil ta ɗauki kofi. Shi ne dai ya fitar da Najeriya a gasar, don haka ina da tsohon bashi da wurin.

Mun ajiye mota a kan ciyawar filin golf da ke gefe. Ko'ina hayaƙin gashi, kowa ya buɗe bayan motarsa ya kafa tebur. Na tambayi naman, aka ce na alade ne, sai na tsaya a kan masara. Na yi azahar tsakanin motoci biyu, wata tsohuwa mai hular rawaya ta riƙe jikanta har na sallame.

Dattijon nan bai bar ni na huta ba. Wai wannan ne kakan duk irin waɗannan wasannin na ƙarshen kaka. An fara shi ranar 1 ga Janairu 1902, Michigan ta lallasa Stanford 49 da nema, har Stanford ta ce a tashi lokaci bai cika ba. Masu shiryawa suka ji haushi, suka koma tseren keken doki, ba a dawo da ƙwallo ba sai 1916. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan. Ashe "Bowl" kwano kawai yake nufi! Filin da aka buɗe a 1922 zagayayye ne kamar akushi, daga nan duk sauran wasannin suka ari sunan.

Na ce, "Baba, ba a taɓa ɗauke shi daga nan ba?" Ya ɗaga yatsu biyu. A 1942, bayan harin Pearl Harbor, tsoron Japan ya sa aka kai shi Durham a North Carolina. Sai 2021, da korona ta kora shi Texas.

Wasan kansa tsaye-tsaye ne, a yi gudu na daƙiƙa biyar a koma shawara. Na fara hamma. Can rana ta yi sanyi, duwatsun San Gabriel suka yi ja a bayan filin, mutum sama da dubu 90 suka miƙe. Saura ƙasa da minti biyu Michigan ta rama, 20 da 20. A ƙarin lokaci Blake Corum na Michigan ya ratsa har layin ƙarshe. Alabama ta zo dab da layi, dama ɗaya ta rage mata, aka tare ɗan wasanta Jalen Milroe a tsakiya. 27 da 20.

Na juya in taya Baba murna, sai na ga yana share ido da hularsa. Rabon Michigan da cin wasan nan tun 1998, shekarar da aka haifi ɗan nasa.

Mun fi awa ɗaya muna neman motar a cikin duhu.