Yadda Muka Ceto Zauren Kakanmu

Shekara goma sha ɗaya gidan kakanmu da ke wani ƙauye kusa da Soba ya yi a kulle. Tun da Allah ya yi wa gwaggonmu rasuwa kowa ya kama gabansa, wasu Zariya, wasu Kaduna. Ranar da na leƙa, da rani ne, na tarar katangar baya ta zube, ɗakuna biyu sun rufta, jemagu sun gaje turaka. Zaure kaɗai ya rage a tsaye, shi ma da tsaga tun daga gindin zanko har ƙasa, wadda hannuna ke shiga ciki.

Da kuɗin auduga aka gina shi, lokacin da ƙaramin jirgin ƙasan da Turawa suka yi wa hanya daga Zariya don kwaso kuza yake bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama. Layin ya isa Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Daga baya masaƙun Kaduna suka durƙushe, auduga ta yi kwantai, samari suka nufi birni. Shi ya sa duk ƙauyen da ka shiga a yankin ba ka rasa kango irin namu.

Kuskurena na farko gaggawa. Na sayo siminti buhu goma, na ɗauko mai ginin bulo daga gari, ya cike tsagar, ya shafe bangon sumul. Damina ɗaya ya yi. Kafin kaka shafen ya kumbura, ya riƙa ɓallewa falle-falle, yana tafiya da ƙasar bangon. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don da hannuna na ƙara wa zauren rauni.

Kawuna ne ya haɗa ni da wani tsohon magini. Bai ko kalli bangon ba, tsani ya nema. Ya hau soro, ya zura hannu cikin indararo, ya zaro ciyawa da busasshiyar laka da sheƙar tsuntsu, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, ba tsufa ya tsaga zauren nan ba. Ruwa ne ya rasa hanya." Na ce, "To Baba, simintin fa?" Ya ce ginin ƙasa yana shan laima ya fitar da ita, siminti kuwa kulle ta yake yi a ciki har bango ya ruɓe.

Muka kankare komai, muka koma farko. Aka ɗebo jar ƙasa daga kududdufin da kakanni suka haƙa, aka cuɗa ta da yankakkiyar ciyawa, ana tattakawa ana barin ta ta kwana, har kusan mako biyu. Na ƙosa, shi ko a jikinsa. Tubalin da hannu ya mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya, sannan ya jera shi kai sama yana cike tsakani da kwaɓi. Shafen waje da makuba aka yi, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa. Da ya bushe sai ya yi duhu, ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa.

Azara ce ta fi ba mu wuya. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, amma giginyar ta yi ƙaranci. A nan na gane darajar abin da ke hannunmu: azarar ɗakunan da suka rufta, wadda na so a yi makamashi da ita, ita muka zaro daga ɓaraguzai, yawancinta lafiya lau. Sa'ad da yake gyara ɗaurin gugar rufin, wato ginin baka mai giciye da ke ɗauke da rufin daga ciki, tsohon ya ce wannan fasaha ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Yau a ƙauyenmu shi kaɗai ya iya ta, kuma ba shi da almajiri. Wannan ya fi tsagar bango tayar mini da hankali.

Akwai kuma maganar gado. Da na san haka, da na tara dangi kafin in sayi ko buhu ɗaya, don wasu sun zaci mallake gidan nake so. Sai da muka zauna gaban liman aka fahimci juna.

A wurin zaman ne aka yanke shawarar ba malamin allon unguwar zauren, tun da gini ba ya zama lafiya sai da mai share shi. Yanzu da asuba yara ke cika shi da karatu, hayaƙin wutarsu kuma ya kori jemagu. Bana kafin ruwan farko ni na hau soron na share indararo, ɗan ƙanena yana riƙe mini tsani. Sauran azarar mun jingine ta a inuwa, da ita za mu rufa turaka bayan girbi in Allah ya yarda.