Ɗan wata biyar da ba ya kuka

Duk wadda ta ce mini ɗanta ko kuka ba ya yi a hannun mai raino, ba na taya ta murna. Tambayarta nake yi awa nawa yake barci.

Da hutun haihuwa ya ƙare zan koma aji, wata dillaliya ta wajen Ƙofar Marusa ta kawo mini yarinya daga wani ƙauye a yankin Rimi. Ba za ta wuce shekara 14 ba. Sharaɗin kun san shi: kuɗin wata a hannun Hajiya, ita za ta kai wa iyaye a tara na kayan ɗaki. Yarinya shiru-shiru, ga tsafta, ga sallah a kan lokaci.

Sai yaro ya zama mai barci. In fita yana barci, in dawo ƙarfe biyu yana barci, nonon da na tatsa na bari ko rabi bai sha ba. Uwar mijina har cewa take, "Kin yi dace 'yar nan, Allah ya ba ki mai haƙuri." Ranar awo ne ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli, ta duba kati, ta ga layin bai hau ba. Ta ɗaga fatar idonsa ta ce, "Malama, wa ke riƙe shi in kin tafi aiki?"

A ƙullin kayan yarinyar na sami kwalbar maganin mura, saura kaɗan, murfin ya yi danƙo. Ko musu ba ta yi ba. "Anti, Hajiya ce ta ba ni, ta ce in ya hana ni aiki in ba shi rabin murfi." Rabin murfi! Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wannan ba shi ba ne, na mura ne da kowa ke saye a kemis ba da takardar likita ba. Akwai sinadarin sa barci a ciki, kuma ba a ba jariri, don yana iya danne masa numfashi. Likita ya ce mun auna arziki.

Ban doke ta ba, ban ma iya yi mata faɗa ba. Yarinya ce aka haɗa wa goyo da shara da wanke-wanke da wankin ƙanana, aka kuma nuna mata dabarar gamawa da wuri. Haushina yana kan babbar da ta saya ta ba ta. Gida nawa ta kai yara da kwalba a ƙulli?

Wadda ke wurina yanzu dattijuwa ce daga Sabuwar Unguwa, Inna muke ce mata. Kafin ta fara sai da na taka har gidanta na ga jikokinta, maigida ya tambayi mai unguwarsu, ni kuma na nemi matar da ta yi wa raino a baya na ce ta faɗa mini tsakani da Allah me ya raba su. Na ji tana ɗan tari, na roƙe ta muka je aka duba, tunda gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Ta ɓata rai, amma ta je. Kuɗinta a hannunta nake sa mata, babu ɗan tsakani. Raino kawai take yi, wanke-wanke ya jira ni. Magani kuwa, ko farasitamol ne, yana cikin durowa a kulle, kuma mun yi da ita ba ruwa ba jiƙo sai ya cika wata shida. A nan ne muka fi ja, don ita a ganinta zafin Katsina bai bar jariri ba ruwa ba.

Har yanzu nakan faɗo gida lokacin tara ba sanarwa. Inna ta gane, takan ce, "Shigo 'yar nan, ki gan shi da idonki." Sau da yawa tun daga zaure nake jiyo ihunsa.

Hajiya dillaliya kuwa ta kira ni bayan sallah, wai akwai cikon kuɗin rabin wata da ban biya ba.