Hitar banɗaki ta fara yoyo

Jama'a, hitarmu ta ruwan zafi ta fara yoyo. Ɗis, ɗis, ruwa na bin bango yana barin jan layi a kan tayil. Wutarta na fara kashewa, don ruwa da lantarki ba sa ga maciji, sannan na rufe famfon da ke shigar mata da ruwa.

Na so a ce bawul ɗin rage matsi ne. Shi dama aikinsa ke nan, in ruwa ya yi zafi matsi ya ƙaru sai ya ɗan saki. Wasu har toshe shi suke yi, ganganci ne kuwa, tanki na iya fashewa. Mai gyara ya shafa mahaɗar bututu, a bushe take. Da ya buɗe murfin ƙasa, sai ga jan ruwa. Tsatsa ta huda tankin daga ciki.

Ya zaro wani sandan magnesiyam, duk ya cinye saura siririyar waya. Ana sa shi ne don ya lalace a madadin tankin, kuma canza shi ake yi bayan 'yan shekaru. Tanki in ya huje ba ya faci, sai dai sabuwar hita.