Taraktar da Ta Fi Gonata Girma, da Wadda Gonata Ta Fi Ƙarfinta

Ranar da taraktata ta farko ta shigo gari, yara ne suka biyo ta da gudu har ƙofar gida. Mai ƙarfin doki 75 ce, tayoyinta na baya sun kusa kai min kafaɗa. Watan Afrilu ne na 2019, kowa na sharar gona. Jama'a suka yi ta zuwa sa albarka. Baffa, ƙanin mahaifina, ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa tayar baya ya ce, "Allah ya sanya alheri, ɗana. To, wace gonar za ka shigar da ita?" Na ce, "Dukkansu, Baffa." Ya gyaɗa kai kawai, bai ƙara cewa komai ba.

Ƙannena masu sha'awar noman zamani, ku nake rubuta wa wannan, domin na ga da yawanku sun fara tara kuɗi da burin mallakar tantan. Buri ne mai kyau, ba na hana kowa. Sai dai ni sau biyu na saya, sau biyu kuma na yi kuskure, na farko wajen girma, na biyu wajen ƙanƙanta, kuma ba na so ku biya kuɗin karatun da na riga na biya.

Ga abin da na mallaka a lokacin. Gonar tudu hekta shida da muka gada, a warwatse wuri uku, babbar cikinsu hekta uku. Sai 'yan fangaloli na shinkafa a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da noman rani. Na haɗa ajiyar shekaru, na ci bashin 'yan uwa, na sayar da shanun huɗa biyu da suka yi mana hidima tun ina saurayi. Me ya sa na zaɓi mai doki 75? Domin ita idona ya saba gani. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, in aka ce tarakta, abin da zai zo masa a rai shi ne ajin Massey Ferguson 375 da takwarorinta, irin waɗanda gwamnatoci ke rabawa da waɗanda masu haya ke yawo da su gari-gari. Taraktoci ne nagari, an yi su ne don mai faffaɗan fili ko mai sana'ar haya. Ni kuwa ban kasance ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Akwai wani lissafi da bai fi minti biyar ba, wanda da na yi shi da ban saya ba. Ka ɗauki faɗin abin da taraktar ke ja a mita, ka ninka da saurinta a kilomita cikin awa, ka raba da goma. Abin da ya fito shi ne hektar da za ta ci a awa guda in ba tsayawa. Haro, wato faifan nan masu farfasa ƙasa, mai faɗin mita 2, ana tafiya kilomita 6 a awa, ya ba ka hekta 1.2. Cire lokacin juyawa a bakin gona da na tsayawa cire ciyawa daga faifai, ka ce hekta ɗaya ba kaɗan. Ashe hekta shidana ba su fi aikin yini guda na haro ba. Ka ƙara huɗa, ka ƙara jigilar taki da kwaso amfanin gona da tirela, duka-duka aikina na shekara bai cika mako biyu ba. Sauran watannin tana tsaye ƙarƙashin darbejiya, rana na cin tayoyinta, batir na mutuwa, bashi kuma yana nan bai tsaya ba.

Fadama ce ta fara nuna min gaskiya. A ranin farko na matsa wa direba ya shiga fangali bayan an ba shi ruwa. Ya ce, "Yallaɓai, ƙasar nan ba za ta ɗauke ta ba." Na ce ya shiga, ai ƙarfin doki 75 ba wasa ba ne. Ba ta yi taku ashirin ba tayoyin baya suka fara juyawa wuri ɗaya, laka na tashi sama, tana ƙara nutsewa har cikinta ya kwanta a taɓo. Tun hantsi muke haƙa da shebur, muna cusa itace da buhunan ƙasa ƙarƙashin taya, sai bayan la'asar wata taraktar ta zo ta fizgo ta da sarƙa. Wajen fitowa ta rusa kunyar da ta raba ni da maƙwabcina, ruwansa ya tsiyaye cikin nawa. Dattijo ne, sa'an mahaifina. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, a gyara min kafin magariba." Har yau in na tuna ina jin nauyin maganar. Ramin da tayoyin suka bari kuwa, shekara biyu shinkafa ba ta yi kyau a wurin ba, saboda ƙasar ta danne ta yi tauri.

A nan na gane ƙarfin inji daban, nauyin jiki daban. Tarakta mai doki 75 ta haura tan biyu tun kafin a rataya mata komai, kuma tawa tayoyin baya kaɗai ke ja. A ƙasa mai laka, nauyin nan shi ne abokin gabarka.

Da na ga aikina ba zai riƙe ta ba, sai na shiga haya. Kada wani ya ruɗe ku da cewa tarakta na biyan kuɗin kanta da haya kamar wasa. Sana'a ce mai zaman kanta. Kowa a mako biyu zuwa uku na farkon damina yake son a yi masa aiki, da zarar shuka ta kankama waya ta daina ƙara. Gonakin mutanenmu ƙanana ne kuma a rarrabe, sai ka ƙona mai a hanya fiye da wanda ka ƙona a gona. Rabin masu aikin dangi ne da abokan arziki da za su ce sai kaka. Ni kuma ina da wani aikin a birni, ba na bin direba. Da farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022, har ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni, na sayar da ita ƙasa da abin da na kashe a kanta.

Sai na faɗa ɗaya ramin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na rantse ba ni ba babbar tarakta, na je na sayo wata 'yar ƙarama ta hannu da aka shigo da ita daga Japan, ƙarfin doki ashirin da 'yan kai, da injin ɓarje ƙasa mai juyawa a bayanta, wanda ake kira rotabeta. A fangali, wallahi, ban taɓa ganin abu mai daɗin aiki irinta ba. Tana shiga ta juya a lungu, ta mayar da ƙasa kamar kunu, ba ta taɓa kunyar kowa ba. Dalili kuwa a fili yake: don gonakin shinkafa aka ƙera irinsu a can, ƙanana masu ruwa kamar namu.

Damina na zuwa na kai ta tudu, nan labari ya sha bamban. Rijar tayar da kunya da na rage daga tsohuwar taraktar ta ƙi shiga hannayenta. Ashe hannaye ukun nan na bayan tarakta aji-aji ne. Ƙananan taraktoci aji na ɗaya suke ɗauka, fil ɗinsu na ƙasa kaurin milimita 22, manya kuma aji na biyu, milimita 28. Mai walda ya yi mana dabara muka rataya, da direba ya ɗaga sai gaban taraktar ya tashi sama, sitiyari ya daina jin magana. Muka ɗaura buhunan yashi a gaba. Ta ja a jigawa da ƙyar, amma da muka isa gefen da ƙasar ke da danƙo sai ta tsaya tana baƙin hayaƙi. Ga cikinta kusa da ƙasa, tana rushe kunyar da ta tayar. A haka na wahalar da ita har famfon haidirolik ya mutu a tsakiyar watan Yuni. Na zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano shago-shago da tsohon famfon a leda, kowa ya juya shi ya ce babu irinsa. Mako huɗu na yi ina nema. A ƙarshe hayar shanun huɗa na yi, na shuka masara a makare, kuma ta nuna min a kaka. Laifin ba na injin ba ne. Ni na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Abin da zan gaya muku, wanda shi ne zuciyar maganar: tarakta ita ce abu na ƙarshe da za ka zaɓa. Fara da zama da takarda ka rubuta aikin da kake yi daga watan Janairu zuwa Disamba, da girman kowace gona, da irin ƙasarta, jigawa ce ko laka. Daga nan ka gano aikin da ya fi kowanne nauyi, ka zaɓi abin da zai yi shi, garma ce ko haro ko rija ko rotabeta. Abin jan nan shi zai gaya maka ƙarfin dokin da kake bukata. Garma mai faifai uku tana son ajin doki 70 zuwa sama, mai faifai biyu kuwa ajin 45 zuwa 50 ya ishe ta a yawancin ƙasarmu ta tudu. In ka fara da tarakta sannan ka nemo mata abin ja, ka bi sawuna ke nan.

Kuma kada lambar da aka rubuta a jikin bonet ta ɗauke maka hankali. Wannan ƙarfin inji ne. Wanda ke isa sandar nan mai juyawa a baya, da bakanikai ke kira PTO, ya gaza haka, kuma da shi rotabeta da injin casa da famfon ruwa ke aiki. Tambayi ƙarfinsa, ka tabbata yana juyi 540 a minti, domin a kan haka aka ƙera yawancin kayan da ke kasuwarmu. Tambayi kilo nawa hannayen baya ke ɗagawa, ka gwada da nauyin rijarka. In fadama za ka riƙa shiga, ƙaramar da tayoyinta huɗu ke ja ta fi babbar da biyu kawai ke ja. In kuma masara da dawa kake yi a kunya mai tazarar santimita 75, auna tsakanin tayoyin, ya zama za su bi cikin kwari ba kan kunya ba. Tazarar mita ɗaya da rabi ita ke haye kunya biyu daidai.

Kafin ka je wurin mai sayarwa, je wurin bakaniken da ya fi kusa da gonarka. Ka gaishe shi, ka zauna a benci, ka ce, "Malam, wace iri ce in ta lalace yau za ka tayar min da ita gobe?" Amsarsa ta fi duk wata takardar talla. Ƙurar hunturu da gurɓataccen mai ba sa barin filta da famfon mai su yi tsawon rai a ƙasar nan, saboda haka lalacewa dole ce. Abin tambaya shi ne kwana nawa za ka yi a tsaye, kuma a watan Yuni kowace rana da kuɗinta. In ta hannu za ka saya, kada ka yarda da agogon awa kaɗai, ana iya taɓa shi. A tayar da ita da sanyin safiya a gabanka, ka ga kalar hayaƙinta, a rataya mata abu mai nauyi a ɗaga, a kashe inji, ka tsaya ka ga ko zai sauko da kansa. Sannan a kai ta gona, taka in da hali, ta yi aikin awa guda.

Wata magana da ba ta shafi kuɗi ba, amma ba zan tsallake ta ba. Ƙaramar tarakta ta fi saurin kifewa fiye da yadda ake zato, musamman a gefen magudanar ruwa ko in an ɗaura sarƙa sama da inda aka tanada don ja. Nemi mai ƙarfen kariya a saman kujera, kada kuma ka bari a cire shi. Yaran da ke ɗarewa kan murfin taya suna murna, ka sauke su ko za su yi kuka.

Yanzu ga yadda nake. A fadama ina amfani da injin nan mai ƙafa biyu da ake bi a baya, fawatila, mai doki 15. Yaro ɗaya ke sarrafa shi, mansa kaɗan ne, duk mai gyaran injin niƙa ya san cikinsa, kuma in an gama gyaran fangali yana jan 'yar tirela. A tudu kuwa mu uku muka haɗa kuɗi, ni da 'ya'yan Baffa biyu, muka sayi mai doki 50 da garma mai faifai biyu da ƙaramin haro. Gonakinmu in an haɗa sun kusa hekta ashirin, kuma mun rubuta a takarda wanda za a fara yi wa aiki kowace shekara, ana juyawa, don kada zumunci ya ɓaci a kan ruwan farko. A ganina, wanda gonarsa ba ta wuce hekta biyar ba, haya ta fi masa saye, ko shanu biyu da garma. Hanyar samun hayar ma ta fara sauƙi, tunda akwai irin su Hello Tractor, da aka kafa a 2014, masu haɗa manomi da mai tarakta ta waya. Kuɗin da zai zuba a ƙarfe, ya zuba a iri mai kyau da taki da rijiyar burtsatse.

Kafin mu biya kuɗin wannan ta ukun, Baffa ya sa muka ɗauki igiyar awo muka bi burtalin da ke kaiwa gonarmu ta gabas. Akwai wani wuri tsakanin kuka da shingen maƙwabci da bai kai mita biyu da rabi ba. Taraktata ta farko ba ta taɓa wuce wurin da haro a bayanta ba, sai dai a zagaya ta gonar mutane ana ba su haƙuri. Muka auna, muka koma muka auna faɗin haron da za mu saya, ya rage tazarar taku guda, sannan muka ce wa mai ita a kawo.